Aikin gwamnati ba ganima ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tuna wa masu karatu cewa lokacin da masana'antu da layukan dogo suke bunƙasa a Amurka, aikin gwamnati ganima ne na jam'iyyar da ta ci zaɓe, har sai da wani mai neman muƙami ya harbe Shugaba James Garfield a 1881. Sannan aka kafa dokar Pendleton a 1883, wadda ta wajabta jarrabawa kafin ɗaukar ma'aikata, kodayake kaɗan ta shafa da farko. A nan Sakkwato kuwa, ƙanena ya shekara uku yana yawo da takardunsa cikin ambulan, duk ofishin da ya shiga sai an tambaye shi wa ya turo shi.

Naka,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato