A Yi Gardama Kan Waya, Ban Da Cin Mutunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan wani hali da ke neman zame mana jiki, wato cin mutuncin juna a duk lokacin da masu sana'a suka zauna tsayar da ƙa'idar aiki.

A watan jiya mu masu haɗa wutar sola a nan Garwa muka taru domin mu daidaita kaurin wayar da za a riƙa ja daga batir zuwa inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Wani matashi ya miƙe cikin ladabi ya ce wayar da aka ambata ta yi siriri ga batir mai bolt 12. Bai kai aya ba wani babba ya katse shi, ya tambaye shi yaushe aka haife shi, sannan ya kwaikwayi Faransancinsa har aka yi dariya. Yaron ya zauna, bai ƙara cewa uffan ba, ni ma na yi shiru, kuma shirun nan yana damuna har yau. Da na koma gida na yi lissafi, sai na ga shi ne mai gaskiya: wat 1,000 a kan bolt 220 bai kai amfiya 5 ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya), amma a kan bolt 12 ya haura amfiya 80, kuma siririyar waya a irin wannan nauyi zafi take yi har ta iya tayar da gobara a ɗakin mutane.

Waɗanda suka shimfiɗa ƙa'idojin intanet sun daɗe da gane haɗarin rufe bakin mai gyara. A 1969 Steve Crocker, yana ɗalibi a lokacin, ya raɗa wa takardunsu na farko suna RFC, ma'ana neman jin ra'ayi, don kada wani ya ɗauka umarni ake ba shi. Ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet, wadda ta fara zama a 1986, ta rubuta ladubban mahawararta a takarda mai lamba 7154 a 2014, inda ta ce a soki ra'ayi a bar mai shi, kuma wanda Turanci ne harshensa ya yi magana a hankali saboda waɗanda ba nasu ba ne. A wurinsu ba a cewa an daidaita sai an duba kowace hujja ta fasaha an ba ta amsa, ko da mutum ɗaya ne ya kawo ta.

Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ban kuma ce a yar da ita ba, sai dai waya ba ta san furfura ba. Ina roƙon dattawanmu su sake kiran zaman nan kafin a fara aiki da abin da aka tsayar, a bar kowa ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci idan Faransanci ya yi masa nauyi, a kuma ba yaron nan alli da allo ya nuna mana lissafinsa.

Wassalam,
Wani mai aikin lantarki,
Garwa, Kamaru.