Sanarwa ga ƴan rukunin zane

Salam ƴan uwa. Ranar Asabar in sha Allah haɗuwa a Gamji da ƙarfe 4, a zo da fensir 2B da 6B (lambar laushin fensir ce, 6B ya fi laushi da baƙi). Kaushi da nisa za mu taɓa, don na lura da yawanmu bishiyar kusa da ta nesa duk duhunsu ɗaya, shi ya sa zanen yake fitowa a shimfiɗe kamar tabarma. Ku duba tsallaken kogi yanzu da hazo ya sauko, na nesa ƙanana ne dishi-dishi, ko ganye ba a gani, ta kusa kuwa sai ka danna 6B har tsagar ɓawonta ta fito. Wanda bai da fensirin, gawayi ma ya isa, amma fa a taho da tsumma.