A daina fesa wa ƙwarin ƙarƙashin randa magani, yaranmu su yi karatu da su

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wasu 'yan halittu da kowa ya sani a nan Gadarif amma ba mai kula su, 'yan ƙwarin nan masu ruwan toka da bayansu gaɓa-gaɓa, waɗanda ake tararwa cunkushe a ƙarƙashin randa ko bulo ko tarin karan dawa da damina. Da ka ɗaga randar haske ya same su sai su watse kowa na neman lungu, nan take a ɗauko maganin feshi. Haba iyayenmu mata, ba sa cizo fa, ruɓaɓɓen ganye suke ci su mayar da shi taki.

Asali ma ba dangin kyankyaso ba ne, 'yan uwan ƙaguwa da jatan lande ne, ƙafafunsu 14, kuma abin numfashinsu a ƙasan ciki yake, in ba danshi ba ya aiki yadda ya kamata. Fatarsu ma ba ta riƙe ruwa. To ka ga dalilin gudun hasken, inda rana take nan bushewa take, wanda ya tsaya a fili cikin zafin garin nan ai sai dai gawarsa. A busasshen wuri sauri suke yi, da sun taka laima sai su rage tafiya su lafe.

Amma ni wallahi taruwarsu ta fi ɗaukar hankalina. Masu bincike sun ajiye musu mafaka biyu masu duhu iri ɗaya sak, maimakon su rabu biyu sai yawancinsu suka dunguma ƙarƙashin guda, ɗayar kusan ba kowa. Kenan ba duhun kaɗai suke bi ba, junansu suke bi, akwai wani wari a kashinsu da ke janyo sauran, kuma in sun manne da juna ruwan jikinsu ba ya saurin ƙafewa kamar na wanda yake shi kaɗai. Akwai ma wani irinsu a hamadar Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, namiji ɗaya da mace ɗaya ke zama a rami mai zurfi, suna gadin ƙofa, da wari suke gane 'ya'yansu su kori baƙo. Ikon Allah kenan.

Kirana ga 'yan uwana malamai ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yaranmu sun yi asarar karatu mai yawa, makarantu da dama sun koma masaukin 'yan gudun hijira, kayan gwajin kimiyya kam ba a maganarsu. Wannan gwajin ko fam ɗaya ba ya ci. A samu faranti, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, a rufe rabinsa da kwali, a zuba ƙwarin nan kamar goma a tsakiya, yara su riƙa ƙirga na kowane ɓangare duk minti suna rubutawa a allo. Gobe a jiƙa gefe ɗaya kawai a bar ɗayan a bushe, jibi a sa mafaka biyu. Yaron da ya ƙirga da hannunsa ba zai manta ba. A inuwa za a yi dai, kar a kai su rana, in an gama yaran su mayar da su inda suka ɗebo su.

Na gode Edita.

Malamin firamare,
Gadarif, Sudan