Wasiƙa zuwa ga abokina a kan azumi da farin ciki

Ɗan'uwana abin ƙauna cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka duka. Ina fata wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Taka ta iso hannuna tun makonni biyu da suka wuce, kuma da gangan na jinkirta amsa, domin maganar da ka kawo ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce ka yi azumin kwana arba'in kafin Ista da zuciya ɗaya, kana sa ran za ka fito sabon mutum, sai ga shi ka fito da saurin fushi fiye da yadda ka shiga, farin cikin da ake wa'azinsa kuwa ko ƙamshinsa ba ka ji ba. Ka kuma tambaye ni ko Allah ya ƙi karɓar azuminka ne.

Kafin in ba ka amsa, bari in tona wa kaina asiri. Shekarun baya, a rana ta uku ta wani azumi da na ɗaukar wa kaina, ina durƙushe ina addu'a sai ƙaramin ɗana ya shigo yana neman in duba masa wani abu, na daka masa tsawar da ta sa ya fita yana kuka, ni kuma na koma na ci gaba da roƙon Allah ya cika ni da tawali'u. Sai da dare ya yi na ga munin abin da na aikata. Da fari na ɗora wa yunwa laifin, amma daga baya na gane cewa yunwa ba ta kawo mini komai daga waje ba. Fushin nan yana nan tun dā, ƙoshi ne kawai ya lulluɓe shi, kamar yadda ruwa yake rufe ƙazantar da ke ƙasan tafki har ranar da ya janye. Saboda haka, a ganina, abin da ka ɗauka alamar ƙi ne, shi ne aikin farko da azumi yake yi wa mutum, wato ya nuna masa abin da yake mulkin zuciyarsa a lokacin da babu abin da zai rarrashe ta da shi. Musa ya faɗa wa Isra'ilawa haka a Maimaitawar Shari'a 8, cewa Allah ya bi da su cikin jeji shekara arba'in, ya bar su suka ji yunwa, domin a san abin da yake cikin zuciyarsu, kuma daga wannan sura ce Ubangijinmu ya ɗauko amsar da ya ba Iblis bayan nasa azumin.

Ƙorafinka ma ba sabo ba ne. Buɗe Ishaya 58 ka gani, mutanen zamanin suna tambayar Allah dalilin da ya sa suka yi azumi bai duba ba, suka ƙasƙantar da kansu bai kula ba. Amsar da aka ba su tana da zafi: a ranar azumin nasu suna biɗar son ransu, suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da husuma har da naushi. Daga nan aka bayyana musu azumin da Allah ya zaɓa, wato a kwance sarƙar zalunci, a saki waɗanda aka danne, a raba abinci da mayunwata, a shigar da marasa matsuguni gida, a suturta tsirara, kada kuma mutum ya ɓoye wa danginsa. Abin da nake so ka lura da shi shi ne wurin da aka ajiye alkawarin farin ciki a cikin surar. Sai bayan waɗannan ayyuka ne aka ce haske zai keto kamar ketowar alfijir, mutum ya zama kamar lambun da ake yi wa ban ruwa, kamar maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kwatanta azumi da sadaka da fikafikai biyu da addu'a take tashi da su. Ina tambayarka cikin ƙauna, ba don in tuhume ka ba: abincin da ka hana wa bakinka kwana arba'in, bakin wa ya shiga? Idan ya tsaya a gidanka yana jiran lokacin buɗa baki, to jinkirta ci kawai ka yi, kuma na san wannan sarai domin ni ma na daɗe ina yin haka.

Akwai kuma wani kuskure da nake zaton mun taso da shi mu duka biyu, wato ɗaukar azumi kamar kuɗin da ake biya a karɓi farin ciki. Bafarisiyen nan, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananin bin shari'a, da ke cikin misalin da Yesu ya bayar a Luka 18 yana azumi sau biyu a mako, kuma ba ƙarya ya yi ba da ya faɗi haka, amma mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ne ya koma gida baratacce. Da aka tambayi Yesu dalilin da ya sa almajiransa ba sa azumi alhali almajiran Yahaya da Farisiyawa suna yi, sai ya amsa da maganar biki, ya ce abokan ango ba za su yi azumi ba muddin ango yana tare da su, amma ranar tana zuwa da za a ɗauke musu shi, sa'an nan za su yi. Ka ga ke nan azumin Kirista na mai kewa ne, wanda ya riga ya san angon, ya ɗanɗani zama da shi, yana kuma jiran dawowarsa. Farin cikin ya riga azumin zuwa, shi ne ma yake haifar da shi. Mutumin da ya san ana ƙaunarsa yakan iya barin abinci da sauƙin zuciya, amma wanda yake ƙoƙarin sayen ƙauna da yunwa, kullum lissafi yake yi, mai lissafi kuwa ba ya rasa jin an ƙware shi.

Ikkilisiyar farko ta fahimci wannan fiye da mu. Tun a ƙarnonin farko Kiristoci sukan yi azumi ranakun Laraba da Jumma'a, amma Tatuliyan, marubucin nan na birnin Kartaj da ya rayu wajen shekara ta 200, ya shaida cewa ba sa azumi ko durƙusa a ranar Lahadi, haka kuma daga Ista har zuwa Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Majalisar Nikiya, wato babban taron shugabannin Ikkilisiya na shekara ta 325, ta tabbatar da cewa a yi addu'a a tsaye a waɗannan ranaku. Ko lissafin kwanakin da ka azumta yana ɗauke da wannan darasi, domin daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin, zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, sai an cire Lahadi shida ake samun 40, saboda ba a yarda ranar tashin Ubangiji ta zama ranar makoki ba. Bayan kwana 40 na kamewa kuma sai kwana 50 na murna su biyo. Ban sani ba ko ka kiyaye na biyun da himmar da ka kiyaye na farkon. Yawancinmu mun iya ɗaure fuska saboda Allah, amma ba mu iya sakinta saboda shi ba. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, Ubangijinmu kuma a Matiyu 6 ya ce mai azumi ya shafa mai a kansa ya wanke fuskarsa. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin umarnin ɓoye azumi kaɗai, amma yanzu ina ganin har da cewa wanda Ubansa yake gani a ɓoye ba shi da dalilin yamutsa fuska.

Game da sākewar hali, wadda ita ce ainihin damuwarka, na san abin da ake faɗa, wai hali zanen dutse ne. Da ƙarfin mutum, gaskiya ne, kuma ko azumin shekara ba zai kankare shi ba. Amma alkawarin da ke Ezekiyel 36 bai ce za a goge zanen ba, cewa ya yi za a cire zuciyar dutsen ɗungum a ba da ta nama. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, shi ya sa Bulus ya lissafta farin ciki da haƙuri da kamun kai a cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5, 'ya'yan itace kuwa ba a jawo su da hannu su nuna. Abin da azumi yake yi shi ne share wuri da rage hayaniya, domin lokacin da dā na ci ne ya zama na addu'a da karatun Maganar Allah. Idan lafiyarka ba ta ba ka damar barin abinci ba, kamar yadda na tuna ka taɓa fama da gyambon ciki, ka nemi shawarar likita, ka rage abin da za ka iya, babu zunubi a cikin wannan.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonka shi ne ka daina auna kanka kowace safiya. Musa ya yi kwana arba'in a kan Dutsen Sina'i bai ci ba bai sha ba, da ya sauko fuskarsa tana annuri, amma Fitowa 34 ta ce shi kansa bai sani ba, Haruna da jama'a ne suka gani. Ni dai abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne, shekara goma da suka wuce ba za ka taɓa rubuta mini cewa kana da saurin fushi ba, da wanda ya ɓata maka rai za ka ba ni labari. Ka tambayi uwargida abin da ta gani a cikin kwanakin nan, ka kuma haƙura ka saurari amsarta har ƙarshe.

Na yi niyyar keɓe Jumma'a mai zuwa da wadda take bi mata domin azumi, zan kuma sa ka cikin addu'a. Idan kana so mu yi tare, ko da yake nisa ya raba mu, ka sanar da ni, sa'an nan kowannenmu ya nemi wanda zai ba abincin ranar tun kafin ranar ta zo. Ka gaishe mini da uwargida da yara ƙwarai da gaske, mutanen gidana ma suna gaishe ku. Ina jiran amsarka.

Ni ne naka cikin Almasihu,
Abokinka na tun ƙuruciya.