Ƙanena Yana Neman Kuɗin Sayen Bindiga, Na Rasa Abin Yi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan fili, ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu saboda halin da ake ciki.

Ni malamin firamare ne a Gusau, amma mahaifiyarmu da ƙannena suna can ƙauye, inda noma ne cinmu da suturarmu. A daminar bara 'yan bindiga suka tarar da kawunmu yana noma, suka yi daji da shi, kuma bai dawo ba sai da aka sayar da shanun huɗa biyu da gonar fadamar da muka gada. Ya dawo da ransa, sai dai har yau ba ya iya barci idan an rufe masa ƙofa. Tun daga lokacin ƙanena mai bi mini ya shiga cikin samarin da ke kwana suna gadin gari, yana riƙe da bindigar toka ta marigayi mahaifinmu, wadda sai an ɗura mata albarushi kafin kowane harbi. Makon jiya ya zo har gidana ya nemi in ba shi kuɗi ya sayi wadda ta fi ta a wurin wani maƙeri.

Gaskiya hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce sau nawa aka kira jami'an tsaro suka iso bayan an gama jana'iza, ya kuma kawo mini hadisin da ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Ya tuna mini cewa a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce jama'a su tashi su kare kansu, kuma a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta buƙaci mutanen Zamfara su nemi lasisin riƙe bindiga. Na ba shi amsa da cewa dokar makamai ta 1959 ba ta sa wannan iko a hannun gwamna ba, shi ya sa 'yan sanda suka ce ba a bayar da lasisin a lokacin, kuma duk wanda aka kama da bindiga ba takarda gidan yari zai nufa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, waɗanda suka tafi da Kawu, lasisin wa suka nuna?" Na yi shiru, domin ba ni da amsa.

Amma ba dokar ce ta hana ni barci ba, Malam. Na girma ina ganin rugar Fulani a bayan garinmu, matansu suna kawo nono da man shanu ƙofar gidanmu, mu kuma bayan kaka mu bar musu kara, shanunsu su bar mana taki. Da idona na ga yadda aka nome burtali, aka mayar da makiyaya gonaki, satar shanu ta yi yawa, wanda aka zalunta ya kai ƙara ya dawo ya yi asarar sauran abin hannunsa. Daga nan 'yan sa-kai suka fara kama mutane a kasuwa suna kashewa ba tare da shari'a ba, a daidai lokacin da makamai suka yi ta kwararowa bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ga kuma kuɗin haƙar zinare. Ba ina wanke 'yan bindiga ba ne, Allah ya kiyaye, su ne suka talauta gidanmu. Sai dai ban manta da ƙauyen 'Yar Galadima na nan Zamfara ba, inda a watan Afrilun 2014 aka far wa taron 'yan banga aka kashe mutane sama da ɗari, kuma tun lokacin nake ganin kowace ramuwa wata ramuwar take haifarwa.

Daren da ya kwana a gidana, muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, sai ya ambaci sunan wani saurayi ɗan tsohon maƙwabcinmu Bafulatani, ya ce shi ne infoma. Na tambaye shi shaida, ya ce an gan shi a kasuwa yana tambayar lafiyar Kawu kwana biyu kafin a ɗauke shi. Ke nan duk shaidar. Yana faɗa yana murza carbi da ƙarfi har zaren ya tsinke, kuma idonsa ba na yaron da na goya zuwa makarantar allo ba ne. A nan jikina ya yi sanyi, domin na fahimci cewa bindigar da yake nema tana iya fara aiki a cikin gari kafin ta kai bakin daji.

Na yi masa maganar Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairun 2024, ko ya nemi shiga inda akwai horo da shugaba, sai ya ce wannan jira ne, kuma ɓarawo ba ya jira. Inna ta aiko mini cewa ba ta yafe ba idan na sa hannu, alhali ita ma na san da takalminta take kwana don gudun ko-ta-kwana.

Saboda haka nake neman shawararka, Malam. Idan na hana shi aka shigo gari aka same shi da tsohuwar bindigar da ba ta kare shi ba, ina da alhaki a wurin Allah? Idan kuma na ba shi ya zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, mene ne rabona a cikin wannan jinin? Sannan wane ne ya kamata in fara samu a kan zargin da yake yi wa yaron nan, liman ko mai gari, ba tare da na jefa ran yaron cikin haɗari ba? Ya ce zai dawo ranar da aka yi albashi.

Wassalam, naka mai sauraro,
Wani malamin makaranta daga Gusau