Robobin Auta

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na ji abin da likita ya faɗa a kan idon ɗan ƙanenka. Allah ya ba ku juriya. Shekara huɗu ke nan muna rainon Auta ba ta gani, don haka bari in gaya maka wani abu da ya amfane mu.

Wasa ne na haɗa ƙara da ƙara. Gwangwani 12, kowane biyu abin da aka zuba a cikinsu iri ɗaya ne. Yaro ya girgiza guda a bakin kunne, ya lalubo ɗan'uwansa. Asalinsa daga tsarin koyarwar Maria Montessori ne, likita 'yar Italiya. Na ga na katako a wani shago a Ikeja, shida masu jan murfi, shida masu shuɗi. Ga tsada, sannan me launi zai yi wa yarinyar da ba ta gani?

Sai na tara robobin magani iri ɗaya. Maman Auta ta naɗe shida da zare, ta bar shida sumul, yadda hannu zai raba su. Muka zuba yashi, gero, shinkafa, wake, tsakuwa da ƙwallon dabino.

Da farko na yi kuskure. Ta yi ta haɗa su daidai ina murna, ashe ba saurare take yi ba, nauyi take aunawa a tafin hannu. Dole na sake zubi har nauyinsu ya zo kusan ɗaya. Ka kula da wannan. Kuma ka manne murfin da gam sosai, ƙwayar wake ɗaya ta isa ta shaƙe yaro.

Kada ku zube masa duka rana ɗaya. Mu da yashi da tsakuwa muka fara. Gero da shinkafa ne ƙarshe, waɗanda ni kaina in na rufe ido sai sun ruɗe ni. Ita kuwa girgiza biyu ta ajiye.

Matsalarmu a nan hayaniya ce, janareta, hon ɗin danfo (motocin haya na Legas), ga jirgin ƙasa. Bayan sallar asuba kaɗai muke samun shiru, sai mu zauna a tabarma minti goma. Wallahi duk yinina babu lokacin da nake ɗoki kamarsa.

Yanzu in abu ya faɗi a kicin takan ce cokali ne ko murfin tukunya. Muna fatan in ta isa ta shiga makarantar makafi ta Pacelli a Surulere, wadda aka buɗe a 1962.

Na haɗa wa yaron nasa. Zan ba direban da ke kawo tumatir kasuwar Mile 12 in zai koma, ka sa ido a tasha.

A gaida Hajiya.

Naka,
Baban Auta