Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Tarin Fuka da Lafiyar Ma'aikacin Asibiti a Sakkwato

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa mambobi maza da mata.

A taron bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyin duba yadda tarin fuka ke kama mu, mu da muke jinyar masu shi. Ga abin da aka yi da wanda ya gagara.

Mafi yawan lokacinmu ya tafi ne a zagayen wuraren aiki, a cikin birni da wasu daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jiha. Abin da muka gani ya sauya mana tunani. Kowa tsoron ɗakin masu tarin fuka yake yi, alhali wanda aka gano cutarsa, ya yi kamar mako biyu yana shan maganin da ya dace, ƙarfin yaɗa ta ya ragu ƙwarai. Mai haɗarin shi ne wanda ke zaune a layin kati tun asuba, yana tari, ba wanda ya san abin da ke ƙirjinsa. Ƙwayar cutar a iska take tafiya, kuma tana daɗewa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. To da hunturu mun tarar da tagogi a rufe, wasu har an toshe su da kwali saboda ƙura. Da bazara kuwa an kulle ƙofa an kunna na'urar sanyaya ɗaki. A wani ɗakin ganin likita, kabad ɗin fayil ne aka jingina da taga ɗaya tilo. Ma'aikata biyu suka ja shi gefe a gabanmu, ba a kashe ko kwabo ba.

Mun roƙi shugabannin wuraren abubuwa masu sauƙi: a ajiye mutum ɗaya a bakin ƙofa mai tambayar tari, a ba mai tarin takunkumi, a shigar da shi gaban layi, sannan a riƙa karɓar kaki a waje cikin fili, ba a banɗaki ko lungun baranda ba. Inda aka fara, masu jira sun yi ƙorafin ana tsallake su, amma da aka yi musu bayani sai suka haƙura.

Batun takunkumi ya ci mana lokaci. Takunkumin tiyata na majinyaci ne, shi ke tare abin da ke fita daga bakinsa. Ma'aikaci takunkumin N95, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, yake bukata, kuma sai ya kama fuska sosai. Ga maza masu gemu ba ya kamawa yadda ake so. Ba mu ce kowa ya taɓa gemunsa ba, amma wajibi ne ya san hakan, ya ƙara matsa wa buɗe taga. Niƙabi ma ba ya maye gurbin N95. Samun N95 a kai a kai har yanzu bai yiwu ba, mun rubuta takarda muna jiran amsa.

Inda raina bai yi daɗi ba shi ne gwajin mambobi. An shirya tambayoyin alamomi, wato tarin mako biyu, zazzaɓi, zufar dare da rama, da hoton ƙirji, da gwajin kaki a na'urar GeneXpert wadda ke ba da sakamako cikin kusan awa biyu, har ta nuna ko cutar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Fitowar ba ta kai yadda muka zata ba. Wasu sun ce an yi musu allurar BCG tun suna jarirai. Wannan allura yara take karewa daga munanan nau'o'in cutar, ba abin dogaro ba ce ga babba. Amma ainihin dalilin tsoro ne: kada abokin aiki ya gani, kada magana ta kai gida. Mu da muke hana jama'a ƙyamar masu tarin fuka, mu ne muke ɓoye namu tarin muna sayen maganin tari a kyamis. Saboda haka yanzu mamba na iya yin gwaji a wurin da ba nan yake aiki ba, kuma sakamako hannunsa kawai zai shiga. Masu ciwon suga ko ƙanjamau, don Allah ku riga kowa zuwa.

Waɗanda aka samu da cutar sun shiga maganin wata shida, wanda kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka. Asusun ƙungiya ya taimaka musu da kuɗin mota da abinci. Allah ya ƙara musu lafiya.

Ranar 24 ga Maris, ranar tarin fuka ta duniya, mun yi tattaki da faɗakarwa, mun tallata lambar kira ta kyauta ta shirin tarin fuka na ƙasa, 3340.

Masu shara, masu ba da kati da ma'aikatan wucin gadi su suka fi daɗewa cikin masu jira, kuma su ake mantawa idan ana rabon takunkumi ko horo. Kwamiti na neman amincewarku a yau a sa su cikin gwajin baɗi ko da ba mambobi ba ne. Muna kuma neman izinin tuntuɓar lauya kan diyya: dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cutar da aka ɗauka a bakin aiki, kuma jerin cututtukan aiki na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2010 ya ambaci tarin fuka da sunansa. Muna so mu san wa za ta shafa a cikinmu da takardun da ake bukata.

Ma'aji zai karanta rahoton kuɗi bayan wannan. Masu bashin kuɗin wata-wata su gan shi kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya